Masu Jiran Iska a Sawakin

Yawancinmu da muke cewa mun san Sawakin, tashar Usman Digna kawai muka sani: layin awon kaya, rumfar jira mai zafi, 'yan dako da amalankensu, sai jirgin da zai kwana da mu a kan ruwa mu wayi gari a Jidda. Mutum ya sauko daga motar Bur Sudan, ya shige tasha, shi ke nan ya ce ya je Sawakin. Alhali garin na asali yana can gefe, a kan wani ɗan tsibiri mai siffar faifai wanda siririyar hanya ta haɗa shi da tudu, kuma ba za ka yi awa guda kana zagaya shi da ƙafa ba.

Da dutsen murjani aka gina gidajen tsibirin, wanda ake sarowa daga cikin teku, wasu hawa biyu wasu uku, da tagogin katako masu sassaƙa irin na tsohon garin Jidda. Ɗaruruwan shekaru nan ne ƙofar wannan gaɓa ta Bahar Maliya. Da Turawan Ingila suka fara gina Bur Sudan a 1905, kilomita wajen 60 a arewa, don manyan jiragen zamani ba sa jin daɗin shiga ƙunƙuntar mashigar Sawakin, sai fatake suka tattara suka koma can. Shi kuwa ginin murjani halinsa ɗaya da ginin ƙasa na gida, yaɓe yake so a kai a kai. Da aka daina shafa masa farar ƙasa, sai gishiri da iska suka cinye shi. Yau tsibin duwatsu ne, sai masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, da tsohon ginin kwastan, waɗanda Turkiyya ta gyara. Kyanwoyi ne masu garin yanzu, manya-manya, ba sa ko matsa wa mutum. 'Yan gari za su ce maka kada ka kore su, wai nan ne Annabi Sulaiman ya tsare aljanu. Ni dai ban kori ko ɗaya ba.

A bayan kangayen akwai wani lungun teku, ruwansa a kwance kamar a ƙwarya. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, in ka leƙa wurin za ka tarar da wasu ƙananan jiragen ruwa farare sun saki anka, kowanne da dogon jigo na ƙarfe a tsaye a tsakiyarsa. 'Yan gari yakht suke ce musu. Tsawon ɗayansu bai wuce na tirela ba, kuma ba inji ne babban ƙarfinsu ba, ƙyallen nan ne da ake ɗagawa iska ta hura, wanda Larabawa ke kira shira'i. Mutum biyu ne galibi a ciki, miji da mata, da yawansu sun yi furfura. Daga Tailan ko Indiya ko tsibiran Maldibs suke tasowa a farkon shekara, su yi mako biyu ko uku ba su ga ƙasa ba kafin su iso Jibuti, su shigo ta Babul Mandab, burinsu su kai Suwais su fita Bahar Rum. Tun da 'yan Husi suka fara harbin jirage a ƙarshen 2023 sun ragu ƙwarai, ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun wannan shekarar. Abin da zan ba ku labari kafin duk wannan ne, wata shekara da buhunan zoɓona suka maƙale a tasha ina jiran takarda, na sami kwanaki ba aikin fari ba na baƙi.

Wani yaro ɗan mutanenmu, wanda ke yi musu dakon jarkokin gas da na ruwa a kan keken jaki, shi ya kai ni wurin wani dattijo ɗan Holan da matarsa. Da guntun Turancina da guntun Larabcinsu muka yi ta lallaɓawa. Tambayar da na fara yi musu ita ce, tun da ga jirgi ga ruwa, me suke zaune suna yi kwana da kwanaki? Matar ta nuna arewa da yatsa.

Bahar Maliya doguwa ce siririya, tsawonta ya haura kilomita 2,000, ga duwatsu hagu da dama, don haka iska na bin ta kamar yadda take bin lungu. Lokacin sanyi, a kudancinta iskar daga kudu take busowa, ta turo jirgi a baya cikin daɗi. A arewacinta kuwa, kusan duk shekara daga arewa take zuwa. Wajen gaɓar Eritiriya da Sudan ne iskokin biyu ke karo. Ke nan wanda ya iso Sawakin ya gama cin ɓagas, abin da ya rage masa fiye da kilomita 1,200 ne iska na dukan goshinsa. Jirgin shira'i ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai dai ya yi ta yanka ta a karkace, hagu da dama, tafiyar kwana ɗaya ta zama ta biyu. Igiyar ruwan nan kuma gajeru ne masu tsini, suna biye da juna kusa-kusa, kowacce ta doki jirgi ta tsayar da shi. Shi ya sa suke zama su jira kwana biyu ko uku da iskar arewa za ta lafa, su kunna inji su ci nisa, in ta dawo su faɗa cikin wata marsa, wato irin lungunan da teku ya yanka a cikin gaɓa, su sake zama.

To amma zaman nan ba na hutu ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina. Kwanakin da na yi ina zuwa, ban taɓa samun mutanen nan hannu rabbana ba.

Ranar farko na tarar dattijon ya ɗaura wa matarsa wata kujerar ƙyalle yana jan ta da igiya zuwa ƙolin jigon, tsawon da ya kai na bene hawa huɗu. Mace mai jikoki fa. Igiya biyu ya ɗaura mata, ɗaya na ɗauke da ita, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Jigon nan wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da shi ta gaba da baya da gefe, kuma kowace waya a bakinta akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi ashana ba, shi ke hana ƙusar zarewa. Shi ta hau dubawa, ɗaya bayan ɗaya, tana shafa wayoyin da tsumma don in akwai silin da ya tsinke ya kama tsumman. Da ta sauko ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini guda ɗaya da ya lanƙwashe, ta riga ta sa sabo a madadinsa. Kuɗinsa bai kai na kofin jabana ba. In ya fita a tsakiyar teku, waya ta saki, jigon ya faɗo, tafiya ta ƙare ke nan, in ma bai huda jirgin ba.

Ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a kowace lita, ga ƙurar sahara da iska ke kwasowa. Su biyun in sun haɗu sai su zama kamar toka da yashi na wankin tukunya, su yi ta cin igiya da ƙarfe. Na ga suna sayen ruwan daɗi da tsada, su da suke auna na shansu da kofi, su ware wani don ɗauraye ƙarafa da kurayen jan igiya. Shira'in kuwa rana ce ke cin zaren ɗinkinsa tun kafin ƙyallen ya mutu. Dattijon ya shimfiɗa shi a kan jirgi yana bin ɗinki da farce, inda zare ya tsinke ya sa allura mai kauri da wata fata da yake sawa a tafin hannu ya tura ta, daidai yadda dukawa ke yi.

Maganar gas ta fi ba ni dariya, don ciwon da duk mai babbar mota ya sani ne. Ba sa juye jarka kai tsaye cikin tanki. Sai ta kwana ta kwanta, sannan a tace ta da wani mazurari mai raga wanda ke tare ruwa da datti. Dalilin da ya ba ni shi ne, dattin tanki ba ya damun kowa muddin jirgi na tsaye cikin lafiya. Sai ranar da teku ya tashi yana jijjiga jirgin, laka ta motsa daga ƙasan tanki ta toshe filta, inji ya mutu, kuma wannan ita ce ranar da kake tsakanin duwatsu biyu kana roƙon Allah kada ya mutu. Filta goma ya nuna mini a cikin akwati, da wasu 'yan fankokin roba na famfon da ke zuƙo ruwan teku ya sanyaya inji. Wanda bai zo da su ba, a gaɓar nan babu inda zai saya.

Sai ya ɗaga katakon daɓen jirgin ya nuna mini cikinsa. Duk inda aka huda jirgi a ƙasan ruwa, na bayan gida ne, na wanke-wanke ne, na inji ne, akwai famfon rufewa, kuma a jikin kowanne an ɗaure wani turken katako mai tsini daidai faɗin ramin. In famfo ya karye, ba neman abin toshewa za ka tsaya yi ba, ruwa na kai maka gwiwa cikin duhu. Hannu za ka miƙa ka ɗauka ka buga da guduma. Famfon kwashe ruwa biyu gare su, na lantarki da na hannu, saboda ruwa in ya shigo batir yake fara kashewa.

Na tambayi matar yadda suke barci tun da su biyu ne. Ta ce awa uku-uku, dare da rana, ɗaya na gadi ɗaya na kwance. Mai gadi yana sanye da rigar ceto, kuma a ɗaure yake da jirgin da wata gajeriyar igiya, ba ya zuwa goshin jirgi sai ya tashi ɗan'uwansa. Lissafinta mai sauƙi ne: jirgin na cin wajen kilomita 10 a awa, wanda ya faɗa ruwa cikin minti shida an bar shi da kilomita guda, mai barci kuma bai sani ba. Suna da rediyon da kullum ke kan tasha ta 16, wadda duk jiragen duniya ke saurara don kiran gaggawa, da wata na'ura mai aika wa tauraron ɗan'adam wurin da suke in abin ya ɓaci, da kwalekwalen roba a naɗe mai hura kansa. Amma da na yaba kayan, sai ta girgiza kai. Ta ce waɗannan na ranar da an riga an makara ne. Abin da ta fi ba muhimmanci shi ne rage shira'i tun iska ba ta yi ƙarfi ba, musamman kafin magariba, ko da hakan zai rage musu gudu.

Daga inda suke, in ka dubi gaɓar tudu, za ka hango inda ake sassaƙa sambuk, jiragen katako na masunta da 'yan fito. Can na sami wani tsohon rayyis, wato shugaban jirgi, wanda da ya ji ina magana da yaron nan sai ya amsa mini da Hausa, irin tasu ta Sudan mai gauraye da Larabci. Kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira yana tara guzuri, kamar dubban Takari da suka biyo wannan hanya, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawansu a sambuk suka ƙetare, wasu da dare daga gaɓar da ba tasha ba, don kauce wa kuɗin fito da zaman killacewa na Turawa. Wasu sun isa, wasu har yau ba labari.

Na ce masa, “Baba, ka ga kayan aikin Turawan can kuwa?”

Ya ce, “Na gani, ɗana. Kai dai ka tambaye su ƙarfe nawa suke shiga marsa.”

Na koma na tambaya, amsarsu kuwa ita ce tasa. Gaɓar Sudan cike take da duwatsun murjani, waɗanda suke kira sha'ab, wasu na laɓe ƙasa da taku ɗaya daga saman ruwa, kuma kusa da su zurfi ne mai nisa, ma'aunin zurfi ba zai gargaɗe ka ba sai ka riga ka hau. Taswirorin wurin da yawa tushensu awon ƙarni na 19 ne, don haka na'ura na iya nuna maka kana tsakiyar hanya alhali kana kan dutse. Ido ne abin dogaro. Ruwa mai shuɗi sosai, zurfi ne. In ya koma kore mai haske, yashi ne a kusa. In ka ga ruwan kasa-kasa ko rawaya, dutse ne, kauce. Wannan karatu kuma ba ya yiwuwa sai rana na sama, tana bayanka. Tun da marsa a yamma suke, wanda ya bari la'asar ta yi rana na cikin idonsa, teku ya zama madubi, ba abin da zai gani. Shi ya sa Bature mai na'ura da rayyis mai sambuk duk ƙa'idarsu ɗaya: a tashi da sassafe, a saki anka tun rana ba ta karkata sosai ba, mutum ɗaya a tsaye a goshin jirgi ko a kan jigo yana nuna hanya da hannu. Ankar ma a kan yashi ake neman a sake ta, da sarƙa ninki huɗu ko biyar na zurfin wurin, don in ta faɗa cikin murjani sarƙa na iya naɗewa, sai an yi nutso.

Gyaran sambuk ma zama yake ci. Haƙarƙarinsa daga itacen da ya lanƙwashe da kansa ake fitarwa, tsakanin katako da katako kuma auduga ake cusawa da kurfi da guduma. Akwai wata tsutsar teku mai cin katako ta ciki, ka ga allo lafiya lau a waje, ka danna da yatsa ya burma. Dā can farar ƙasa da kitse ake kwaɓawa a shafe ƙasan jirgi, sama kuma a shafa man kifin ƙarƙi; yanzu fenti ya karɓe, kuma injin Yamaha ya kori shira'i daga yawancinsu. Tsohon ya ce tun da inji ya zo yara suka daina kallon sama.

Na san mai karatu zai ce, mu da ba mu da jirgin yawo, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne wannan tekun muke ƙetarewa, mu da matanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu. A Yunin 2022 jirgin dabbobi mai suna Badr 1 ya kife a nan cikin tashar Sawakin, ko fita bai yi ba, da tumaki sama da 15,000, alhali 9,000 aka ce ƙarfinsa. Ma'aikatan sun tsira, tumakin 'yan ɗaruruwa aka ceto. A Fabrairun 2006 kuma jirgin fasinja Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse tsakanin Duba ta Saudiyya da Safaga ta Masar, mutum sama da 1,000 suka rasu. Wuta ce ta tashi a wurin ajiye motoci, aka yi ta watsa mata ruwa, magudanun da za su fitar da ruwan suka toshe, ya taru a ciki har ya karkatar da jirgin. Magudana fa, abin da mai shara zai iya dubawa.

Mu 'yan kasuwa ba mu ke duba magudana ba, amma mu ne masu matsa wa mai jirgi ya ƙara mana buhu goma, mu ne kuma masu jin haushi in an ce yau ba tashi saboda iska. A jikin kowane babban jirgi akwai da'ira da layi ya ratsa ta, alamar iyakar lodi. In ta nutse cikin ruwa, kayanka da ke ciki ba riba suke jira ba. Ni yanzu in na hau jirgin Jidda da iyali, kafin mu shimfiɗa tabarma sai mun gano inda rigunan ceto suke, mun tambayi na yara don nasu daban ne, mun bi hanyar fita zuwa sama da ƙafarmu sau ɗaya. Takardu da waya a leda, a jikin mutum, ba a cikin Ghana-must-go ba. Uwargida ta yi mini dariya a karon farko, yanzu ita ke tuna mini.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne samarinmu da dillalai ke ruɗa da ƙetarawa ta bayan fage. Tsakanin gaɓar nan da ta Saudiyya kusan kilomita 300 ne. Mai fasa-ƙwaurin mutane ba ya tashi sai da dare, ba fitila, ba rediyo, inji ɗaya, mutane a cushe, ta cikin duwatsun da masu gemu fari ba sa shiga sai rana na tsaka. Duk ƙa'idar da na lissafa a sama, sana'arsa ba ta yiwuwa sai ya karya ta. Duk uban da ɗansa ya kira shi daga Bur Sudan yana neman kuɗin “jirgin dare mai sauƙi”, wannan jirgin ake nufi.

Kwana na takwas da fara zuwana, labarin yanayi ya nuna musu iskar arewa za ta kwanta kwana uku. Daren nan suka ɗaure komai, har tukwane, matar ta dafa abincin kwana biyu ta zuba a robobi don kada a kunna wuta jirgi na rawa. Gari na wayewa, da muka fito daga sallar asuba, jirage huɗu sun ɗaga anka suna bin mashigar a jere, kowanne da mutum a tsaye a goshinsa. Biyu sun ƙi tashi, ɗaya yana jiran wani ƙarfen inji daga Bur Sudan, ɗayan kuma mai shi ya ce kwana uku ba su ishe shi kaiwa inda yake so ba, zai jira na gaba. Yaron nan mai keken jaki ya riga ya jera musu jarkoki a bakin ruwa.